Bindiga a saman durowa, yara uku a cikin gida

Assalamu alaikum. Ina da 'ya'ya uku: babban namiji ne mai shekara 15, sai mace mai 9, sai autanmu mai 5. Maigidana yana da bindigogi biyu, duka da lasisi. Akwai doguwa mai baki biyu ta farauta, tana jingine a bayan durowar kayanmu, kwalin harsasanta yana ƙarƙashin gado. Akwai kuma ƙarama ta hannu a saman durowar, a naɗe cikin tsumma, da harsashi a cikinta, wai saboda ɓarayin dare. Kwanakin baya na shiga ɗaki na tarar autan ya jawo kujera, ya ɗora filo biyu a kai, yana laluben saman durowar, ya ce ƙwallonsa yake nema. Da na faɗa wa babansu sai ya ce ya riga ya ja musu kunne, sefti, wato maɓallin da ke hana bindiga tashi, a kulle yake, kuma yaro ɗan shekara 5 ba shi da ƙarfin jan kunama. Bayan haka na ga hoton babban ɗan namu a wayarsa riƙe da doguwar bindigar. Wata biyu ke nan yaron ya canza: ba ya cin abinci sosai, ya daina fita wurin abokansa, jarrabawa ba ta yi masa kyau ba, kuma na ji ya ce wa ƙanwarsa, "Ku kwantar da hankalinku, kun kusa hutawa da ni." Barci ya ƙaurace min. Ba na son maigida ya ga kamar na raina shi, mutumin kirki ne kuma yana son 'ya'yansa. Me zan yi?

Uwar yara uku

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Hankalinki bai tashi a banza ba, kuma kin kyauta da kika rubuto tun yanzu. Wasiƙarki ta zo da matsala biyu a haɗe, kuma wadda kika ajiye a ƙarshe ita ce ta fi gaggawa, don haka da ita zan fara.

Maganar da babban ɗanki ya faɗa wa ƙanwarsa ba ta barci ba ce. Yaro ya daina cin abinci, ya janye daga abokai, ya ji ya kunyata a makaranta, sannan ya fara cewa za a huta da shi, waɗannan alamu ne da likitoci ke ɗauka da matuƙar muhimmanci. Mai yiwuwa ɓacin rai ne da zai wuce. Mai yiwuwa kuma ciwon damuwa ne da ya kai shi ga tunanin hallaka kansa. Ni da ke ba za mu iya tantancewa daga nan ba, amma hoton da kika gani ya tabbatar da abu ɗaya: ya san inda bindigar take, hannunsa yana kaiwa gare ta, kuma ya taɓa ɗauka babu wanda ya sani. Shawarata kai tsaye ita ce bindigogin nan biyu da harsasansu su bar gidan a yau ko gobe, su zauna a waje har yaron ya samu sauƙi kuma likita ya gamsu.

Ga dalilin da ya sa na tsananta. Tunanin kashe kai a wurin matasa sau da yawa yana zuwa ne kamar guguwa, ya yi ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya lafa. A wani bincike da aka yi a birnin Houston na Amurka, aka wallafa a 2001, an tattauna da matasa da samari waɗanda suka tsira da ƙyar bayan sun yi yunƙurin hallaka kansu, kusan ɗaya cikin huɗu ya ce tsakanin yanke shawarar da aikatawa bai kai minti biyar ba. Abin da ke hannun mutum a cikin waɗannan mintuna shi ke raba rai da mutuwa. Yunƙurin da aka yi da bindiga, kusan tara cikin goma yana ƙarewa da mutuwa, babu damar canza ra'ayi, babu damar a garzaya asibiti. A ɗaya ɓangaren, cikin waɗanda suka yi yunƙurin suka tsira, kusan tara cikin goma ba sa komawa su mutu ta hanyar hallaka kansu daga baya. Ma'ana, idan aka raba yaro da makamin a lokacin da guguwar ke kaɗawa, akwai kyakkyawan zaton zai girma ya manta da wannan shekarar.

Inda za a kai su ya danganta da dokar ƙasarku, domin a wurare da dama laifi ne a miƙa bindiga ga wanda ba shi da lasisi, ko da ɗan uwa ne na jini. Maigida ya tuntuɓi hukumar da ta ba shi lasisin ya tambayi hanyar ajiya ta wucin gadi. A wasu ƙasashen 'yan sanda suna karɓa, a wasu kuma dillalin makamai mai rajista ko ƙungiyar maharba ke ajiyewa. Ya karɓi takardar shaida mai ɗauke da lambar kowace bindiga da yawan harsasan da ya miƙa. Idan hakan zai ɗauki kwanaki, to a daren yau a sauke harsasan duka, a kulle bindigogin, makullin ya kasance a jikin maigida ko a wajen gidan gaba ɗaya. A haɗa da magunguna da maganin ƙwari da na ɓera, su ma a kulle su.

Sannan ki zauna da ɗanki, ku biyu, a lokacin da babu hayaniya. Kada ki fara da hoton, domin zai ɗauka tuhuma ce ya rufe bakinsa. Ki ce masa kin lura ya rame, kin lura ya daina walwala, kuma kin ji abin da ya faɗa wa ƙanwarsa. Sai ki tambaye shi a fili: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Na san tambayar tana da nauyi a bakin uwa. Iyaye da yawa suna tsoron kada su sa wa yaro tunanin da ba shi da shi, amma bincike ya nuna tambayar ba ta dasa wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawo wa wanda ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai. Idan ya amsa, ki daure ki saurara, ban da faɗa, ban da wa'azi a wannan zaman, ban da cewa "me ka rasa a gidan nan?" Ko ya ce e ko ya ce a'a, ku kai shi wurin likita a cikin makon nan, ku nemi a haɗa ku da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan kuwa ya ce yana da shiri ko ya tsayar da lokaci, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya, a wuce da shi sashen gaggawa na asibiti a ranar.

Yanzu mu zo kan maigida. Ban ga mugun uba a wasiƙarki ba. Na ga mutumin da ya ajiye makami kusa da shi saboda yana jin nauyin kare ku a wuyansa, kuma ya yarda da 'ya'yansa. Hujjojinsa uku su ne waɗanda yawancin masu bindiga ke bayarwa, kuma dukkansu an gwada su an ga inda suke da rauni.

Jan kunne na farko. A 2001 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta wallafa wani gwaji da aka yi a birnin Atlanta na Amurka: aka sa yara maza 64, 'yan shekara 8 zuwa 12, rukuni-rukuni a ɗaki na minti 15, an ɓoye bindigar hannu ta gaske a cikin aljihun tebur bayan an gyara ta yadda ba za ta tashi ba. Cikin rukuni 29, rukuni 21 sun gano ta, 16 sun ɗauka, a rukuni 10 kuma an samu wanda ya ja kunamar. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da suka taɓa ta sun ce an taɓa koya musu kada su taɓa bindiga. Sun san dokar, suna iya maimaita ta da baki, amma da abin ya zo gabansu son sani ya rinjaye su. Haka ƙuruciya take, tarbiyya ba ta gama ginuwa a wannan shekarun yadda za a jingina rai a kanta. Ɓoyewa ma haka. Wani bincike na 2006 a jihar Alabama ta Amurka ya tambayi iyaye da 'ya'yansu daban-daban: cikin iyayen da suka ce 'ya'yansu ba su san maɓoyar bindigar ba, kashi 39 cikin 100 'ya'yan sun ƙaryata su. Cikin waɗanda suka ce ɗansu bai taɓa riƙe ta ba, kashi 22 yaran sun ce sun riƙe. Ke kam ba ki buƙatar alƙaluma, kin ga kujera da filo biyu da idonki.

Batun ƙarfin yatsa kuwa, an auna shi tun 1995. Ɗaya cikin huɗu na yara 'yan shekara 3 zuwa 4, da bakwai cikin goma na 'yan shekara 5 zuwa 6, suna iya jan kunama mai nauyin kilo huɗu da rabi idan suka sa yatsu biyu, kuma bindigogin hannu da yawa kunamarsu ba ta kai wannan nauyin ba. Abin da ya fi muni shi ne yadda ƙaramin yaro ke yi idan yatsansa ya gaza: yakan juyo da bakin bindigar wajen kansa, ya sa manyan yatsunsa biyu ya danna. Shi ya sa raunin ƙananan yara yake yawan kasancewa a fuska ko a ƙirji.

Sefti kuma ɗan maɓalli ne da babban yatsa ke turewa, kuma yaron da ya saba danne-dannen waya ba zai sha wahalarsa ba. A bindigogin farauta da yawa kunamar kawai yake tarewa, bai hana abin da ke dukan harsashin kuɓucewa idan bindigar ta faɗi da ƙarfi. Bindigar da aka jingina a bayan durowa kuwa, faɗuwa ba ta yi mata nisa ba.

Tsarin da likitocin yara da masu koyar da harbi suka haɗu a kai abu huɗu ne: bindiga babu harsashi a cikinta, bindiga a kulle, harsasai a kulle, kuma harsasan a wani wuri daban. Binciken da mujallar likitocin Amurka ta JAMA ta wallafa a 2005 ya kwatanta gidajen da yaro ya harbi kansa ko wani da gidajen masu bindiga da hakan bai faru ba. Kulle bindiga da sauke harsashinta, kowanne ya zo da raguwar haɗari da kusan kashi 70 cikin 100, kulle harsasai da raba musu wuri su ma kowanne ya rage. Amfanin haɗa su huɗun shi ne ranar da aka yi sakaci da ɗaya, sauran ukun suna nan. Wannan shi ne tsarin da za ku shirya kafin bindigogin su dawo gida.

Sauke harsashi aikin maigida ne, ke kada ki taɓa idan ba a koya miki ba. Amma yana da kyau ki san yadda ake yi, don ki gane idan an yi daidai. Yara su fita, a rufe ƙofa. Bakin bindigar ya kalli inda ko ta tashi ba za ta samu kowa ba, a tuna harsashi yana huda ƙofar katako da silin da bango marar kauri. Yatsa ya yi nesa da kunama. A ƙaramar bindiga mai gidan harsasai a cikin mariƙinta, gidan harsasan ake fara cirewa, bayan nan a ja murfin sama baya don harsashin da ya riga ya hau ya faɗo, a bar murfin a buɗe, a leƙa ramin da ido, a sa ɗan yatsa a taɓa. Idan aka juya tsarin, aka fara jan murfin kafin a cire gidan harsasan, wani sabon harsashi ne zai hau ya zauna, mutum ya cire gidan yana ganin ya gama alhali bindigar a ɗane take. Wannan harsashi guda da ke saura a ciki shi ne sanadin da yawa daga cikin labaran "na ɗauka babu komai a ciki." Idan ƙaramar irin mai ganga ce da ke juyawa da harsasai a cikinta, a buɗe gangar a zazzage, a ƙirga ramukan ɗaya bayan ɗaya. Doguwa mai baki biyu ta fi sauƙi: a karya ta, a cire abin da ke ciki, a ga haske ta bututun biyu. Irinta tana rabuwa gida uku, wato gindi, bututu, da katakon gaba, don haka ana iya ajiye ta a rabe.

Wurin ajiya ya zama akwatin ƙarfe da aka yi don bindiga. A Birtaniya, inda 'yan sanda ke duba wurin ajiya kafin su ba da lasisi, ana neman kaurin ƙarfen kada ya gaza milimita 2, wannan ma'auni ne mai kyau ga kowa. Ku duba maƙalan ƙofar su kasance a ciki ko a kare yadda ba za a zare su ba, kuma kada a samu giɓin da bakin ƙarfe zai shiga a ɓanɓare. A kafe akwatin a jikin bangon bulo ko siminti da manyan ƙusoshi masu buɗewa a cikin rami, aƙalla huɗu, kawunansu a cikin akwatin. Akwatin da ba a kafe ba ɓarawo yana ɗauke shi ɗungurungum, dogo kuma yana iya rikitowa kan yaron da ya rataya a ƙofarsa. A sa shi inda baƙo ba zai gani ba, nesa da danshi. A jefa 'yan ƙunshin nan masu shanye laima a ciki, a riƙa shafa wa ƙarfen bindigar mai kaɗan, kuma kada a bar ta naɗe a tsumma ko cikin jakar fata, suna riƙe laima su jawo tsatsa. Harsasai su zauna a kwalinsu na asali, a wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli daban, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da wuta. Maigida ya rubuta adadinsu a takarda ya riƙa ƙirgawa duk wata, domin harsashi ɗaya da ya ɓace labari ne da ya kamata a bi.

Idan akwatin zai ɗauki lokaci kafin a samu, akwai kwaɗo mai igiyar ƙarfe da ake zurawa ta cikin bindigar a buɗe, yadda ba za ta rufu ba balle harsashi ya hau. Yana da arha kuma yana tare ƙaramin yaro sarai. Sai dai almakashin ƙarfe yana datse igiyar, don haka ga ɗan shekara 15 jinkiri kawai yake kawowa. Akwai kuma kwaɗon da ake maƙalawa a kan kunama. Shi wannan kada a taɓa sa shi a bindiga mai harsashi, domin sandar da ke ratsa gaban kunamar tana iya danna ta wajen sawa ko cirewa.

Makulli shi ne inda yawancin gidaje ke faɗuwa, kuma a nan nake so ku fi sa ido. An sayi akwati mai tsada, an kafe shi, sannan an rataye makullin a ƙusa bayan ƙofa, ko an haɗa shi da makullin mota da ake ajiyewa a kan tebur, ko an tura shi ƙarƙashin katifa. Matashi ya fi iyayensa sanin lungunan ɗakinsu. Makullin ya zauna a jikin maigida, na ajiya kuma ya bar gidan. Idan mai lambobi ne, ban da ranar haihuwa, ban da shekarar aure, ban da ƙarshen lambar waya, ban da lambar da ake buɗe wayar gidan da ita. Kada a danna lambar yaro yana tsaye, ko da autan ne, yara suna haddace motsin yatsa. A canza ta lokaci-lokaci, kuma a canza nan take idan aka yi zargin an gani. Masu buɗewa da zanen yatsa suna da sauri, amma batirinsu yana mutuwa, masu arha kuma wani lokaci suna karɓar yatsan da ba a yi wa rajista ba. Duk wanda ya sayi irinsa ya gwada shi da yatsun mutanen gidan, akwatin babu komai a ciki, sannan ya tuna makullin ko-ta-kwana da ke zuwa da shi shi ma makulli ne.

Na san abin da maigida zai ce: idan ɓarayi suka shigo da tsakar dare, yaushe zai tsaya neman makulli? Tambaya ce ta gaskiya, kada ki yi watsi da ita. Abin da zan ce ya auna shi ne, ɓarawo mai yiwuwa ya zo, mai yiwuwa kuma har abada bai zo ba, amma yaran suna cikin gidan kowace rana, da ƙawayensu da 'ya'yan baƙi. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: mutum ya farka a firgice cikin duhu, bindiga a ɗane a kusa da hannunsa, motsin da ya ji kuma ɗansa ne ya fito shan ruwa. 'Yan daƙiƙun da buɗe akwati ke ci su ne suke ba ido damar washewa. Idan bayan yaron ya warke maigida ya dage sai ƙaramar ta kasance kusa da shi, mafita ita ce ƙaramin akwatin ƙarfe mai maɓallan dannawa, a kafe a jikin bango ko gado, wanda ke buɗewa cikin daƙiƙu kaɗan ga wanda ya san lambar. Ya yi ta gwada buɗe shi a cikin duhu da bindiga marar harsashi har hannunsa ya saba. Wannan bai kai tsarin abu huɗun nan aminci ba, na faɗa miki gaskiya, amma ya fi saman durowa nesa ba kusa ba. A halin da ɗanku yake ciki yanzu kuwa, ko wannan ban yarda da shi ba. Kuɗin da hankalin su tafi kan ƙofa mai ƙarfi, sakata, fitilar waje da ƙararrawa, su ne ke hana ɓarawo shigowa tun farko.

Yadda za ki ɗauko maganar yana da tasiri. Ki zaɓi lokacin da ya huta, yara ba sa kusa. Ki fara da ɗanku kafin bindiga: abin da kika lura, da kalmomin da kika ji ya faɗa, kamar yadda ya faɗe su. Sannan ki nuna masa hoton, amma ki roƙe shi tun kafin ya gani kada ya hukunta yaron a kai, domin duka ko tsawa a wannan hali zai ƙara tura shi cikin ƙunci. Kina iya cewa, "Na san don mu ka ajiye ta. Ina roƙonka don mu ka fitar da ita, na ɗan lokaci, har yaron nan ya dawo daidai." Ki bar masa zaɓin inda za a kai da irin akwatin da za a saya, shi ya fi sanin kayansa, kuma mutum ya fi riƙe tsarin da ya sa hannu a ciki. Idan ya ƙi, ki nemi ya raka ku wurin likita ya ji daga bakinsa, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, zai fi kyau idan shi ma mai bindiga ne. Idan duk wannan bai yi ba, ɗakin ya zauna a kulle da makulli a hannunki duk lokacin da ba ya nan, kuma ki duba yiwuwar yaron ya koma wurin 'yan uwa da ya saba da su, gidan da babu makami, har a shawo kan lamarin. Kin ce mutumin kirki ne, na kuma yarda. Amma saboda wasu da za su karanta wannan: matar da aka taɓa yi wa barazana da bindigar gida kada ta tsaya lallashi, ta nemi mafaka da taimakon hukuma.

Hoton a goge shi, a tambayi yaron cikin natsuwa ko ya tura wa wani ko ya ɗora a intanet. Hoto irin wannan yana sanar da duniya akwai bindiga a gidanku, yana kuma jawo abokai su ce a nuna musu.

Ƙananan biyun a koya musu abu huɗu gajeru: ka tsaya, kada ka taɓa, ka bar wurin, ka faɗa wa babba. Ku riƙa maimaitawa, ku gwada a aikace, ki tambayi autan, "Idan ka ga bindiga a gidan su abokinka, me za ka yi?" ya tashi ya nuna miki. Ki tabbatar musu duk wanda ya kawo labari ba za a yi masa faɗa ba, ko da ya riga ya taɓa, domin tsoron duka ne ke sa yaro ya ɓoye. Mai shekara 9 ta isa a gaya mata dalili: bindigar gaske ba ta bambanta da ta wasa a ido koyaushe, kuma wanda ta sama ba ya tashi kamar a fim. Ita ma ki ɗan zauna da ita, ta ji magana mai nauyi daga bakin yayanta, ta san ba laifinta ba ne kuma manya sun karɓi lamarin. Koyarwar nan tana da amfani musamman don gidajen da ba naku ba. Kafin yara su je wuni ko kwana a wani gida, ki saba tambayar masu gidan ko akwai bindiga, idan akwai ko a kulle take. Ki haɗa ta da sauran tambayoyin da uwa ke yi, kamar batun rijiya ko magunguna, ba za ta yi nauyi ba. Bindigar iska mai ƙananan ƙwayoyi ita ma a kulle ta, tana fasa ido, tana kuma iya kisa.

Idan bindigogin suka dawo, lokuta biyu ne za ku fi kiyayewa. Dawowa daga farauta: a sauke harsashi tun kafin a shigo gida, a wuce kai tsaye zuwa akwati kafin a cire takalmi ko a zauna, a laluba aljihun riga da jaka saboda harsasan da suka maƙale. Da lokacin wanke bindiga: harsasai a wani ɗaki, ƙofa a rufe, idan aka kira maigida ko waya ta yi ƙara ya mayar da ita akwati kafin ya tashi. Ranar dawowar bindigogin gida kuma kada ku tsayar da ita don kun ga yaron ya yi dariya kwana biyu, ku bari likitan da ke ganinsa ya sa baki. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya miki zuciya. Ki sake rubuto mana bayan kun ga likita, mu ji yadda ake ciki.